Yarinya ta ci 16 a takarda, baki ya ƙi buɗewa: da me za mu auna magana?

Mushe Mai Alli:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Laraba, na ce bari in kawo shi gaban manya. Ina koyar da Faransanci a wani koleji nan cikin Damagaram, shekara 11 ke nan. Akwai yarinya a ajina na turwaziyam, wato ajin ƙarshe na koleji, a dikte da nahawu ba ta sauka ƙasa da 15 bisa 20, wancan watan ma 16 ta samu. Ranar Laraba wani baƙo ɗan ƙasar Benin ya shigo yana neman ofishin direkta, ya tare ta a bakin ƙofa ya tambaye ta da Faransanci. Ina tsaye ina gani. Ta fito da kalma biyu, ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta nuna da hannu. Wanda ya karɓi zancen wani yaro ne mai zama a bencin ƙarshe, wanda 7 ko 8 yake samu a wurina. Ya yi wa baƙon kwatance tsaf, har ya tambaye shi daga ina ya fito. Faransancinsa cike da kuskure, namiji ya koma mace, jiya ta koma gobe, amma baƙon ya gane, ya yi godiya ya wuce.

Da dare na buɗe kayen maki na daɗe ina kallonsa. A cikin kayen ita ce ta iya, shi bai iya ba, kuma ni na rubuta lambobin da hannuna. To ku gaya mini, da wane mudu ake auna bakin mai koyon harshe?

Tsohon Direkta:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ka gani ya girme ka. A zamaninmu abin da muke kira gwajin baki shi ne yaro ya miƙe, ya haɗa hannu a ƙirji, ya zubo waƙar da ya haddace. Idan bai yi tuntuɓe ba ya ci 18. Ga kuma sambol, wata alamar horo, wanda aka kama yana Hausa a harabar lakwal a rataya masa a wuya, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. Na rataya wa yara da yawa, ina ganin taimakonsu nake yi. Abin da ya haifar shi ne yara suka gane cewa mai shiru ba ya shan bulala. Har gobe wannan shirun yana nan cikin azuzuwanmu, ko da an daina rataya komai.

Kuma kada a manta, a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a 1973. Waɗanda suka ga azuzuwan nan abin da suka fi tunawa shi ne surutun yaran, suna tambaya, suna musu da malami. Yaron da ya saba buɗe baki a aji da harshen uwarsa, ranar da aka ce ya buɗe da wani harshen ba zai ji kamar an kai shi gaban alƙali ba.

Ɗan Kasuwar Dole:
Mushe, ni ban yi boko mai nisa ba, amma wannan awon kullum muna yin sa. Buzu ya zo daga Tanut, Babarbare daga Gure, Bafillace daga daji, kowa da Hausarsa. Kafin mu gama cinikin turmi ɗaya na san mai jin Hausa kamar jakin Kano da wanda ƙidaya kawai ya iya. Ba na buƙatar bik da kaye. Ku bai wa yaron kuɗi ku ce ya yi ciniki da Faransanci, ku tsaya ku saurara.

Ɗalibar Jami'a:
Baba Direkta, Allah ya ƙara girma. Kawu na Kasuwar Dole, maganarka tana da ƙafa, har masu binciken harshe sun yarda da rabinta: a sa mutum ya yi wani aiki da harshen, a ga ko aikin ya yiwu. Sai dai ciniki ɗaki ɗaya ne a cikin gida. Mutumin da ya iya "nawa, rage mini, albarka" wataƙila idan rigima ta tashi aka ce ya ba da labarin yadda aka yi tun daga farko, nan zai tsaya.

Ina karatu a jami'ar André Salifou, kuma abin da ya fi zama mini a kai shi ne magana ba abu ɗaya ba ce da za a ɗora wa lamba ɗaya. Masu nazari suna raba ta uku. Akwai gudun harshe: saurin maganar, yawan tsayawa, da kuma inda ake tsayawar, domin wanda ya tsaya a ƙarshen jimla numfashi yake, wanda ya tsaya a tsakiyarta kalma yake nema. Akwai tsabtar magana, wato ƙarancin kuskure. Akwai kuma faɗinta, ko mutum yana iya ɗaura jimla kan jimla da "saboda" da "ko da yake", ko kuwa guntaye yake jerawa. Abin lura, ukun nan suna jan juna. Mai tsoron kuskure yana rage gudu, mai gudu yana zubar da nahawu a hanya. Yarinyar Mushe tana auna kowace kalma kafin ta fito, yaron kuma ya saki linzami. Kayen maki ɗaya daga cikin ukun kawai yake gani, shi ma a rubuce.

Ɗan Kasuwar Dole:
Wannan gaskiya ne ƴata. Akwai wanda muke ciniki da shi shekara da shekaru, ranar da aka kai mu gaban mai unguwa kan wani bashi sai da aka nemo masa tafinta.

Madam ta Zango:
Ni Ingilishi nake koyarwa, amma na zauna jarrabawar DELF ta gwada iya Faransanci, matakin B2, bari in faɗi yadda take don a ga bambanci. Sassa huɗu ne, saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin jarrabawar da 50 bisa 100, amma duk wanda ya samu ƙasa da 5 a sashe ɗaya ya faɗi, ko da sauran ukun ya cika su. Ke nan mai alƙalami marar baki ba shi da wurin ɓuya. A sashen magana za ka zaɓi ɗan rubutu, a ba ka minti 30 ka shirya, sannan ka yi kamar minti 20 gaban masu gwaji. Ka fara bayyana ra'ayinka, su kuma su yi ta ja da kai. Wannan jan shi ne gwajin. Abin da ka shirya yana ƙarewa, sai abin da ke cikinka ya rage.

Matakan kuma daga ma'aunin Turai suke, wanda aka fitar a 2001, hawa shida daga A1 zuwa C2. Abin da nake so a ma'aunin, kowane hawa an bayyana shi da abin da mutum zai iya yi: zai iya gabatar da kansa, zai iya ba da labarin abin da ya same shi, zai iya kare ra'ayinsa gaban mai musu. Mu kuwa a aji kuskure muke ƙirgawa, mu cire daga 20.

A jarrabawar IELTS ta Ingilishi ma, sashen magana hira ce ta minti 11 zuwa 14 da mai gwaji, a ba da maki har zuwa 9 bisa abu huɗu: gudun magana da haɗuwarta, yawan kalmomi, nahawu, da furuci.

Ɗan Magariya:
Ni a Najeriya na gama sakandare. A jarrabawar Ingilishi ta ƙarshe akwai takarda ta musamman kan furuci, amma da fensir ake amsa ta. A ba ka kalma, ka zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da ita cikin huɗu. Za ka iya cinye ta ba ka furta ko kalma ɗaya ba. Na fahimci dalili, ɗalibai sun yi yawa, ba a iya zama da kowa. Amma sanin sauti a takarda daban, fitar da shi daban.

Malamin Faranko-Arab:
Ina so in ɗan tare wa hadda faɗa, na ga ana neman ɗora mata laifin duka. Mu nan ƙasar allo ce, yaranmu suna da kai mai riƙo, wannan baiwa ce. Wanda ya haddace gaisuwa da jimlolin neman izini da na ba da haƙuri, ya samu sandar dogarawa ranar da zai fara magana. Ba wanda ya fara tafiya bai dafa bango ba. Inda muke kuskure shi ne mu auna haddar mu ce mun auna magana. A gwajin shafawi, wato na baki, na Larabci nakan bar ɗalibi ya zubo abin da ya shirya, ba na katse shi, don hankalinsa ya kwanta. Idan ya gama sai in ɗauki abu ɗaya daga cikin maganarsa in juya shi. Ya ce mahaifinsa manomi ne, sai in ce to bara da ruwa ya yi jinkiri me kuka yi? Makin daga nan yake farawa.

Ɗalibar Jami'a:
Malam, abin da kake yi ya yi kama da wata hanya da ta fito daga Amurka. Tun shekarun 1950 ma'aikatar harkokin wajensu ta so ta san ko jami'an da take turawa ƙasashe suna jin harsunan da gaske, sai aka tsara hira mai ma'auni daga 0 zuwa 5. Daga baya malaman harsuna suka gyara ta don makarantu. Mai gwaji yana farawa da hira mai sauƙi, sannan ya nemi daɓen mutum, wato inda yake tsaye daram. Sai ya ɗaga tambaya sama har maganar ta fara wargajewa, nan ne rufinsa. Ya sauko, ya sake hawa ta wani batun don ya tabbatar. A ƙarshe ya mayar da shi kan abu mai sauƙi don ya fita da daɗin rai. Matakin mutum shi ne inda yake iya daɗewa, ba inda ya taɓa sau ɗaya ya faɗo ba.

Maman Ƴan Biyu:
Ku gafarce ni malamai, ni uwa ce kawai, amma akwai abin da ba ku taɓo ba. Yarinyar da Mushe ya faɗa, kamar ɗiyata ake nufi duk da ba ita ba ce. A gida tana Faransanci da yayanta da ke Yamai a salula, har dariya suke. A lakwal ana ce mini ba ta magana. Mu muka tarbiyyantar da ita kada ta ɗaga ido ta dubi babba, kada ta yi dogon zance da namijin da ba ta sani ba. Baƙo namiji ya tare ta, malaminta yana tsaye, me kuke so ta yi? Idan kuka ajiye ta ita kaɗai gaban mushe biyu kuna rubutu, kunyarta za ku auna, ku ba ta 6, ta dawo gida tana kuka tana cewa ba ta iya ba. Ni kuma na san ta iya.

Madam ta Zango:
Maman Ƴan Biyu, wallahi kin taɓo inda yake ciwo. Shi ya sa a wasu jarrabawoyin Ingilishi na Cambridge ɗalibai biyu ake shigarwa tare, su yi magana da junansu, masu gwaji biyu suna ciki, ɗaya yana jan hirar ɗaya yana saurare. Na gwada a ajina. Yarinya da ƙawarta, hoton kasuwa a gabansu, na koma gefe kamar ina duba wani abu. Waɗanda na ɗauka bebaye ne sai ga su suna musu kan farashin tumatir. Amma shi ma yana da nasa aibin. Idan ka haɗa mai baki da mai sanyi, mai bakin zai cinye lokacin duka. Haɗa su ma aiki ne.

Tsohon Direkta:
Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma kada a wuce furuci da sauri. Na ji kamar ana cewa in dai an gane, shi ke nan. A'a. Yaron da ba ya raba "dessus" da "dessous" ya mayar da sama ƙasa. Wanda ya ce "boisson" yana nufin "poisson" za a kawo masa abin sha yana jiran kifi. Gobe shi ne likita, shi ne malami. Idan muka sassauta, su za su koyar da na baya, abin ya yi ta lalacewa.

Madam ta Zango:
Baba, ba na ja da ku a kan waɗannan misalan, domin a cikinsu ma'ana ta canja, dole a gyara kuma dole a rage maki. Inda nake tsayawa shi ne malamin da ke rage maki saboda yaro bai murza "r" a maƙogwaro kamar mutumin Paris ba. Ɗan Dakar da ɗan Abijan da ɗan Kebek kowa da muryarsa, duk Faransanci suke. Masu ma'aunin Turai da kansu, da suka sabunta shi a 2020, sun daina sa ɗan asalin harshe a matsayin abin da ake gwada furucin mai koyo da shi, suka koma kan ko ana fahimtarsa, da irin wahalar da mai saurare yake sha. Mu duba Hausa ma. Baƙo ya ce "karfi" maimakon "ƙarfi", ba wanda ya ɓata. Amma ya ce "baki" yana nufin "baƙi", a nan za a iya samun ruɗani. Kuskure biyun ba nauyinsu ɗaya ba.

Tsohon Direkta:
Na ji, ƴata. Amma wa zai yanke cewa an gane? Ke da kika shekara kina jin yaranki kin saba da bakinsu, kome suka faɗa za ki gane. Baƙo fa?

Madam ta Zango:
Wannan kam ba ni da amsarsa cikakkiya, Baba. Sai dai a riƙa musayar azuzuwa ranar gwaji, ko a samu kunne na biyu.

Mushe Mai Alli:
Na yi shiru kwana biyu saboda na tafi gwadawa. Da farko lissafi: ɗalibai 84 ne a ajin. In na ba kowa minti 15 irin na manyan jarrabawoyi, awa 21 ke nan, ba mai ba ni su. Amma in na ɗauki biyu-biyu, minti 5 a ƙarshen darasi, sauran suna aikin rubutu, cikin wata uku kowa zai samu shiga ko da sau ɗaya ne.

Na nemi izinin direkta da na iyayen yaran nan biyu, na ɗauki muryarsu a salula, kowanne da abokin da ya zaɓa. Na bi shawarar Malam, na fara da abin da suka sani, sannan na juya. Yarinyar da ƙawarta ta yi magana, Maman Ƴan Biyu kin yi gaskiya. A hankali take yi, tana tsayawa tsakiyar jimla, wani lokaci ta koma ta gyara kanta. Amma da na tambaye ta ko ya dace a hana ɗalibai zuwa da salula lakwal, ta kawo dalili biyu ta ɗaure su da kyau, har ta ce "ko da yake". Yaron kuwa a labarin yadda ya kai kaya tasha da kabu-kabun yayansa kamar ruwa. Da na yi masa tambayar salular, sai ya ce ba kyau, na ce don me, ya ce don ba kyau. Ya maimaita sau uku, ya koma Hausa. Rufinsa ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali na gaba ne. Na bai wa abokan aikina biyu muryar yaron, ban gaya musu ko wane ne ba, na ce su ba da maki bisa 20. Ɗaya ya ba shi 9, ɗaya 14, ni na riga na rubuta 12. Murya ɗaya, minti biyar ɗaya. Mai 9 ya ce kuskure ya yi yawa, mai 14 ya ce yaron bai tsaya ba ko sau ɗaya a labarinsa. Kowa da abin da kunnensa ke nema. Idan makomar yaro tana rataye da wanda ya faɗo a hannunsa, ban ga adalci a ciki ba.

Ɗalibar Jami'a:
Mushe, wannan saɓanin shi ya sa masu manyan jarrabawoyi ba sa barin mutum ya gwada kowa sai an horar da shi, an sa shi ya saurari muryoyin da aka riga aka yi ittifaƙi a kan makinsu har kunnensa ya daidaita da na sauran. Ku ukun ku zauna, ku raba makin gida-gida, kowane ɓangaren magana da gidansa, ku rubuta da kalmomi abin da 2 take nufi da abin da 4 take nufi a kowane gida, sannan ku sake sauraren muryar. Tazarar za ta ragu ko da ba ta ɓace ba.

Malamin Faranko-Arab:
Kuma a gaya wa yaran gidajen tun kafin ranar. Ɗalibi yana karanta abin da ya san za a tambaye shi. Ranar da suka ga magana tana shiga kayen maki, za ka ji ajin ya canja.

Ɗan Magariya:
Wani abu ya faɗo mini. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To ma'aikacin lafiya da ya taso da Zabarmanci aka turo shi Mirya ko Matamaye, shi ma mai koyon harshe na biyu ne. Hausar gaisuwa ba za ta ishe shi ya gane tsohuwa tana kwatanta inda ke mata ciwo ba, ko ya bayyana mata yadda za ta sha magani. Wa zai auna tasa Hausar, kuma da wane ma'auni? Ta Damagaram, ta Maraɗi ko ta Tawa?

Madam ta Zango:
Wannan muhawara ce mai zaman kanta, ka buɗe mata nata zaren don kada ta nutse a nan. Amma tsanin ɗaya ne: ya gaisa, ya tambaya, ya ba da labari, ya lallashi wanda ya ƙi.

Mushe Mai Alli:
Ga abin da na tsara, ku duba. Gida huɗu, kowanne maki 5: isar da saƙo, gudun harshe, nahawu da kalmomi, furuci. Yaron zai tashi da kamar 12, yarinyar 13 ko 14.

Tsohon Direkta:
Nahawu da kalmomi a cusa su gida ɗaya, maki 5 kacal? Ban yarda ba, ɗana. A ba su 8, a rage daga gudun harshe. Gudu ba tare da tsabta ba, yaron fada ma yana da shi.

Madam ta Zango:
Baba, nahawu yana da dikte, yana da rubutun insha'i, yana da kusan duk sauran kayen. Wannan minti biyar ɗin kaɗai baki yake da su.

Tsohon Direkta:
To kada mu yanke a rubuce. Mushe, ka zo da salular gidana a Birni ranar Asabar bayan la'asar, in iyayen sun yarda a saurara. Madam ki zo, Malam ma, da ƴarmu ta jami'a. Kowa ya ba da makinsa a ɓoye da tsarin 5, mu sake da tsarin 8, mu ga wanne ya fi kusantar da mu. Ku zo da muryoyi shida aƙalla, biyu ba za su isa ba, kuma a sa na waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Maman Ƴan Biyu:
Mushe, don Allah in ka tashi ɗaukar na ƴan mata, ka bar Madam ko wata malama ta zauna da su, kai ka fita waje. Sai ka kwatanta da wadda ka ɗauka da kanka.